Ranar Da Na Ka Da Hajji Mabruk

Ba zan taɓa mantawa da kakar dabinon shekarata ta uku a Wadi Bawanis ba, ko da na so in manta. Mu shida ne 'yan Nijar 'yan ci-rani can gefen Sabha, a gonar Hajji Mabruk, wani Balarabe tsoho mai kusan shekara saba'in. Da ƙuruciyarsa ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Sabha da Agadas, can ya tsinto 'yar gurguwar Hausarsa. Mutumin kirki ne. Kullum da la'asar shi da kansa yake dafa mana shayi mai kumfa a gindin dabino, yana ba mu labarin hamada.

Ni kuwa a ƙauyenmu na gefen Ƙonni ɗan kokawa ne (ban taɓa cin takobin gasar ƙasa ba, amma a bakina na ci uku). Tun ina ƙarami aka horar da ni cewa hannun da ya taɓa wuyanka ta baya ba a tsayawa tambayar mai shi. Abin ya zauna mini a jiki kamar ƙyafta ido. Abokan aikina duk sun sani. Idi, mutumin Tawa, in zai kira ni, daga nesa yake jifana da ƙwallon dabino. Hajji kaɗai ne ba wanda ya tuna ya gaya wa.

Ranar da muka gama ɗibar dabino, Hajji ya yanka rago, ya gayyato maƙwabta, 'ya'yansa ma suka zo daga unguwar Abdulkafi. Ina tsugune ina wanke hannu, hankalina duk yana kan naman, sai na ji wani abu ya sauka a wuyana, da hannu a bayansa.

Wallahi ban san lokacin da na sunkuya na fizgo ba. Da na farga, ga Hajji kwance bisa tarin harawar tumaki, ƙafafu sama, hularsa can gefe, farin rawani sabo fil a hannunsa. Ashe ni ya sayo wa, wai na fi kowa ƙwazo, yana so ya yafa mini a gaban baƙi ba zato.

Babban ɗansa ya miƙe yana lalubar waya. Ni ko takardar zama ba ni da ita, har na fara hango kaina a bayan motar 'yan sanda. Na zube a ƙasa na ce, "Baba Hajji, ka yafe mini, wallahi ba ni ba ne."

Idi (Allah ya isa tsakanina da shi) ya ce a hankali, "To wane ne?"

Na ce, "Jikina ne."

Hajji ya tashi zaune yana cire harawa daga gemu. Ya taɓa ƙugunsa, ya ji ba abin da ya karye, ya dube ni ya ce, "Shekara ashirin ni tafi Agadas, ɓarawo bai ka da ni ba. Yau ni kawo kyauta, kai ka da ni."

Sai ya fashe da dariya, ya ce wa ɗansa ya zauna. Ya sa aka miƙo masa doguwar zarbar dabino, ya rataya rawanin a kanta, ya miƙo mini daga nesa. Haka na karɓa, jama'a na riƙe ciki. Naman nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na ƙara shekara biyu a gonar, kuma kullum daga taku goma yake yi mini sallama sau uku kafin ya matso. Bara na ji ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, jiki maigadi ne nagari, ba ya barci, sai dai bai san fuskar masu gida ba. Shi ya sa yanzu duk taron da na je, bango nake nema in jingina.