Ranar da na gyara wa Bature Turancinsa

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na koma aiki bayan na fita takaba ba. Lokacin ba a daɗe da barin fam an koma naira ba. Aikina a ofis shi ne huda katin da ake sa wa kwamfuta, kuma marigayi maigidana ne ya koya min shi, da Turancinsa duka, a kan tabarma a gidanmu na Malali. Shekara biyu ya yi a Ingila yana koyon injin. Ni kuwa firamare na gama.

Na tarar an kawo sabuwar na'ura da wani Bature mai koyar da ita. Mu goma sha ɗaya ne, huɗu za a zaɓa, sauran a sallame su. Ga yara uku a gida.

Baturen ya rubuta kalmar jadawalin aiki a allo, ya ce "skejul". Na ce a raina harshensa ne ya zame. Ya zo kan Z, harafin Turanci na ƙarshe, ya ce "zi". (Wallahi tausayinsa na ji.) Da ya maimaita, na miƙe.

"Ranka ya daɗe, shedul ake cewa. Wancan kuma zed ne."

Talatu, abokiyar aikina, ta ja min gyale. "Ke, zauna. Ɗan Amurka ne, haka suke faɗa."

Sai ranar na san Turanci iri biyu ne. Baturen ya yi murmushi, ya ce a ƙasarsu kowa haka yake cewa. Mai hankali da nan ya zauna. Ni sai na ji bakina ya ce, "To, ku gyara."

Har masinja sai da ya riƙe ciki.

Oga ya kira ni ofishinsa. "Malama, mun san halin da kike ciki. Gobe kowa zai karanta matakan aiki a gabansa. Ki faɗa yadda yake faɗa, ki ceci abincin yaranki."

Da la'asar na gwada a gaban madubi. Skejul. Zi. Bakina ya iya sarai. Amma ji na yi kamar ina kwashe kayan marigayin daga ɗaki.

Washegari na tsaya, na ce shedul, na ce zed. Talatu ta rufe fuska. Baturen ya karɓi katunan da na huda ya sa wa injin. Ko ɗaya bai dawo da kuskure ba. Ashe injin ba shi da kunne.

Ni ce ta huɗu a cikin huɗun. Sunan "Hajiya Shedul" kuwa ya bi ni har na yi ritaya.

Na dai koyi darasi: kafin ka gyara wa mutum harshensa, fara tambayar garinsu. Amma zed ɗin nan, wanda ya ba ni shi ba zai dawo ya canza min ba, ni ma ban canza ba.