Rasuwar Inna, Babbar Kwamfutar Ƙungiyar Manoma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Alhaji Labbo Wonaka, shugaban ƙungiyar manoman hatsi mai ofis a Gusau da rassa a Tsafe da Bungudu, yana sanar da rasuwar Inna, babbar kwamfutar ƙungiya. Ta cika ranar Laraba da hantsi, saura kwana tara a fara rabon taki.

Marigayiyar ta zo hannun ƙungiya da shekarunta, daga wani banki da ya sake kayan aiki. Tsayinta ya kai na ƙofar ɗaki. Sunan kowane manomi yana cikinta, da gonarsa, da abin da yake shukawa, kuma ba ta taɓa haɗa Shehun Bilbis da Shehun 'Yankuzo ba. Muryarta guda ce, huuum, ba ta ɗagawa.

Injiniya Saude mai kula da ita ta jera mata aiki mataki biyar. Manomin da ke tsaye a tagar ofis yana jiran katin taki shi ne na ɗaya, a amsa masa cikin daƙiƙa biyu. Binciken rumbun sunaye na biye. Dogon rahoton da ake haɗa wa dattawan ƙungiya shi ne na biyar, sai in ta samu sarari. Shekara shida aka yi a haka, ko ciwon kai ba ta yi ba.

To Alhaji Labbo bai yi boko ba, amma ya san mutane. Shekara arba'in yana tsara wurin zama a walima, ba wanda ya taɓa tashi da fushi. Da ya ji rahoton dattawa ne a can ƙarshe, sai ya ce a ina aka taɓa miƙa wa manya kwano bayan kowa ya ci? Ya sa aka mai da shi na ɗaya. Labari ya kai Tsafe, sakatarensu Lawali ya zo gaisuwa har gida, aka ɗaga aikinsu zuwa na ɗaya. Mutanen Bungudu surukansa ne, ba su ma roƙa ba, shi ya ɗaga musu da kansa. Kafin wata ya mutu babu aikin da ba na ɗaya ba.

Saude ta ce masa, "Baba Alhaji, in kowa na ɗaya ne, wa za ta fara saurare?"

Ya ce, "Ke dai ɗiyata, danna."

Daga nan jinya ta fara. Huuum ta koma gurrr. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan, ba wanda take gamawa. Daƙiƙa biyu ta zama mutum ya je ya yi la'asar ya dawo. Malam Uwaisu, tsoho daga Bilbis, sau uku yana biyo motar haya ya tsaya a taga ya koma hannu sake, alhali Inna tana can tana fama da rahoton da dattawa ba su karanta komai a ciki sai shafin farko. A zuwan na uku bai yi ƙorafi ba. Ya gai da Alhaji, ya yi masa addu'ar Allah ya taya riƙo, ya tafi. Addu'ar nan har yau ba ta bar kunnen Alhaji ba. Ranar Laraba Inna ta ce ƙit, ƙit, sai shiru.

Saude ta rubuta cewa tsufa ne da zafi. Alhaji ya gode mata da rufin asiri, amma yana so jama'a su sani: kunyar manya ya ji, ya ɗora wa Inna ita.

Ta bar na'urar sanyaya ɗaki biyu, da firinta mai tari, da ƙananan kwamfutoci goma sha ɗaya a rassa, duk fuskarsu baƙa. Ta bar faifan da Saude take kwafe sunaye a ciki duk Juma'a, aikin da Alhaji ya taɓa kira ɓata lokaci. Ta bar manoma dubu huɗu, ga hadari ya fara haɗuwa.

Ranar Asabar da ƙarfe goma Yari mai a-kori-kura zai kai ta wurin 'yan gwangwan. Za a yi zaman makoki a bakin taga, inda za a riƙa rubuta kati da hannu kafin magajiyarta ta iso. Wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama, dattawa ma su bi layi. Masu son yi wa Alhaji ta'aziyya su yi haƙuri sai Lahadi. Ranar Asabar yana hanyar Bilbis, da katin Malam Uwaisu a aljihunsa, mai lamba ɗaya.