Kwalkwalin Kakan Sodangi

Duk wanda bai san Sodangi ba, to bai san Sakkwato ba, ya dai shigo ta wata ƙofa ya fita ta wata. Namiji ne dogo, idan aka haɗa da rawani. Murya gare shi wadda in ya yi sallama a rumfar gero, sai masu wanki a bakin gulbi su amsa. Ga jarumtaka. Shekara arba'in da biyar a duniya, ba a taɓa ka da shi a fagen fama ba, don Allah bai nufe shi da zuwa ba. Sana'arsa awon gero, da wani mudu da gindinsa ya ɗan turo ciki saboda tsufa, ba don komai ba. 'Yan kasuwa suna ce masa Zakin Rumfar Gero, shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu, kamar kirari ne aka gada.

Sannan ga kamun kai. Sodangi na cikin mazan nan masu alfahari da cewa tun da aka yaye su ba su sake taka madafa ba. A saninsa, abinci wani abu ne da ke tsirowa cikin akushi idan rana ta yi tsaka.

Abu guda ya rasa, shi ne sarauta. Hakimin unguwarsu, Siddiƙu, Bardensa ya rasu da damina, rawani yana rataye ba kai. Sodangi ya so rawanin nan har ya rame a wuya. Sai dai al'adar gidan Siddiƙu, ba a naɗa Barde sai wanda kakansa ya yi yaƙi zamanin jihadi. Uban Sodangi ma'auni ne. Kakansa Arzika ma'auni ne. Babban abin da ya taɓa taɓa jikin zuriyar shi ne ƙaiƙayin gero. Ga kuma wani Lawwali, mutum shiru-shiru, wanda takobin kakansa ke rataye a zaure, kowa na gani.

Sai Allah ya dubi bawansa. Sodangi yana da gona a Dundaye, kan wani tudu da tsofaffi ke cewa runduna ta taɓa yin sansani a wurin, shekara saba'in da suka wuce. Bayan kaka ya sa Illo magini ya haƙa masa ƙasar ginin rumbu. Kwana biyu ana haƙa, dagi ya ce ƙwal. Aka zaro tsinin kibiya uku da tsatsa ta cinye, da ɓarin likkafa, da wasu zobban sulke da suka manne da juna.

Kafin la'asar Sodangi ya iso a kan jaki, ya hana rumbu, ya ce a ci gaba da haƙa, tuwo da fura sau biyu a rana ga duk mai riƙe da dagi. Kibiyoyin ya dube su sama-sama ya ture da ƙafa. Na ƙananan mayaƙa ne, in ji shi. Shi wurin manya yake nema.

Ya kuwa samu. Can gefen gabas aka tono duwatsu uku manya, sun yi zobe, kowanne baƙi ƙirin ta ciki. Mutanen Dundaye suka taru a bakin rami. Sodangi ya sauka, ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Jama'a, ku dubi abin ga da idon basira. Duwatsu ukku. Nan manyan yaƙi ukku sunka zauna shawara, kowa da nashi. Baƙin ga da kuka gani, zahin shawara na. Mutanen da ba su shawara da sanyi."

Illo ya gyaɗa kai. Illo yana da murhu a gidansa, amma Illo bai taɓa cin tuwo sau biyu a rana ba sai wannan makon.

Aka ci gaba. Aka tarar da toka, tsibi guda. Sodangi ya ce garin maƙiya ne aka ƙone, aka kwaso shi nan don a riƙa tunawa. Aka tono dutse mai faɗi mai kwarmi a tsaka, da ƙaraminsa mai santsi. Ya ce ƙaramin na majajjawar wani sadauki ne, babban kuwa wurin da sadaukin ke dafa gwiwa idan zai yi jifa, shi ya sa ya lotsa. Aka zubo ƙasusuwa, haƙarƙari da ƙafafu, duk an tsotse ɓargon. Dawakan maƙiya ne, in ji shi. Wani mahauci a cikin taro ya ce ai kamar sun yi ƙanana.

"Tsoro na," in ji Sodangi. "Dokin da yag ga rundunarmu, motsewa shi kai."

Mahauci ya buɗe baki zai ambaci akuya, Illo ya taka masa ƙafa.

Rana ta shida aka kai ga abin da ya girgiza birni. Wani abu ne na ƙasa, mai zurfi, mai faɗin baki, a kife cikin ramin toka, ko tsagewa bai yi ba. A gindinsa akwai huda-huda, zagaye-zagaye, duk girma ɗaya. Sodangi ya ɗauke shi da hannu biyu. Ya ƙirga hudojin, ashirin da bakwai. Ya ɗora a kansa. Abin ya zauna daram, ya rufe har karan hanci. Daga ciki muryarsa ta fito kamar daga rijiya.

"Kwalkwalin kakana Arzika na. Jinina ya shaida shi. Kibiya ashirin da bakwai anka harbe shi a ka, bai ko sunkuya ba."

Wani tsoho ya tambaya, a hankali, ko ana yin kwalkwali da yumɓu. Sodangi ya ce wannan ba yumɓun kowa ba ne, da magani aka kwaɓa. Tsohon ya ce to hudojin fa, sun jeru kamar an auna. Sodangi ya ce ai bai taɓa cewa maharban maƙiya ba su iya aiki ba.

Da ya kai shi gida, matarsa Lantana tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗaga kai ta ga abin da aka shimfiɗa wa buzu. Ta ce, "Malam, ai wanga..."

"Lantana," in ji shi, "mi mace tas sani ga sha'anin yaƙi?"

Lantana ta dube shi, ta dubi madambacin, ta ce gaskiya ne, ba ta san komai ba. Ta shiga ɗaki ta cusa bakin zane a baki. Kafin rana ta faɗi labari ya tsallake katanga bakwai. Kuma a nan za a yaba wa matan Sakkwato, waɗanda ake wa ƙazafin ba su riƙe magana. Kwana tara cur, daga masu daka har masu kitso, ba wadda ta ce wa mijinta uffan. Kowace tana son ta ga ranar.

Ranar ta zo, wata Alhamis da hantsi. Sodangi ya sa riga uku, ya rataya layu, ya kifa kwalkwali. Doki bai yiwu ba, don gado na iya faɗuwa ya fashe. Gani ma bai yiwu ba. Saboda haka Illo ya kama hannun rigarsa, suka taka daga rumfar gero har ƙofar gidan hakimi, maroƙi a gaba yana kirarin Arzika Sha-Kibiya. Rana ta take. Riga uku suka yi aikinsu. Kafin a kai rabin hanya, wani siririn tururi ya fara tashi ta hudojin nan ashirin da bakwai. Daga bayan kowane danga sai ka ji wani abu ya faɗi ƙasa, tim. Mata ne. Sodangi ya ce wa Illo ya ji yadda ake zubewa ana gaisuwa.

A zaure ya faɗi gaban hakimi, yana dafe da gado da hannu ɗaya.

"Ranka shi daɗe, ban zo roƙo ba. Ƙasa ta ɓoye gaskiya shekara saba'in, yau ta gaji ta amayo ta. Ga shaida bisa kaina. Wasu takobi ag gare su, wanda kowa ka iya saye ga maƙeri. Ni kuwa ramukka ag gare ni, kuma rami ba a sayen shi."

Lawwali yana gefe, yana kallon tabarma.

Hakimi Siddiƙu mutum ne mai taka-tsantsan, kuma shi ma, a gaskiya, rabonsa da madafa tun yana goye. Ya dubi abin ya ji kamar ya san shi a wani wuri. Ya ce al'adar gidan nan, ba a naɗi kan labarin kaka sai da wanda ya gani da ido. Kuma mutum guda ya rage a duniya da ya zauna sansanin Dundaye, ƙanwar ubansa, Gwaggo Sadiyatu, wadda uwarta ke dafa wa rundunar lokacin ita tana 'yar shekara bakwai.

Aka fito da ita, tana dogara sanda, haƙori biyu, ido kamar na shaho. Ta zauna bakin ƙofar cikin gida. Ta ce, "Wane na ka neman Barde? Matso nan, angona, in gan ka."

Illo ya juya Sodangi ya fuskanci wajen da muryar take. Aka cire kwalkwali da ƙyar, aka miƙa mata. Ta juya shi. Ta shafa bakin da yatsa har ta kai kan wani ɗan gurbi na babban yatsa.

"Madambacin Inna na," in ji ta. "Mun yi neman shi har munka gaji."

Wani bafade ya kama tari. Sodangi ya miƙe, gumi na zuba, ya ce shi ba ya jayayya da tsofaffi, amma ya rantse kakansa Arzika ya sa abin nan a kansa a sansanin Dundaye, ranar tashin hankali.

"Arzika mai gero? Gajere, mai murya?" Gwaggo ta washe haƙoranta biyu. "Siddiƙu, yaron ga gaskiya yaf faɗi. Ni shaida ta. Ya sa shi."

Sodangi ya dubi Lawwali ta wutsiyar ido.

Sai ta ba da labari, ba gaggawa. Arzika ya kawo gero sansani, ya tsaya bakin murhu yana jiran a sauke dambu, don shi ba ya kawo kaya ya koma da ciki wofi. Sai mai tsaro ya hango ƙura daga arewa, aka buga ganga. Maza suka yi wajen baka da kwari. Arzika ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sunkuci madambaci daga kan wuta, da dambun da komai, ya kifa a ka, ya faɗa ramin toka. Ƙurar ta shanu ce, wani Bafillace ke kora su gulbi. Amma Arzika bai fito ba sai la'asar, ya bar madambacin a ciki don kada a gane shi. An kuwa gane shi, don zogale na manne a kunnuwansa. Mutum ɗari uku suka yini da yunwa. Gashin kansa bai sake tsirowa ba.

"Wata huɗu munka yi Dundaye," in ji ta, "ko kibiya guda ba a harbo muna ba. Shi kaɗai na yaj ji ciwo." Ta leƙa kan Sodangi, wanda ke ƙyalli ba hula. "Allah mai iko. Har wanga ka gada."

Hakimi ya daɗe yana gyara rawaninsa ta wajen baki. Da ya samu murya, ya ce shaida ta tabbata, kakan Sodangi ya halarci sansani, ba mai sake musu. Sannan ya sa aka ɗauko rawanin Barde, aka naɗa wa Lawwali.

Sodangi ya miƙa hannu zai karɓi gadonsa. Gwaggo ta rungume abinta.

"Kayan auren uwata na. Kuma biyu na, angona. Akwai tukunyar da ka zama ƙasa, wadda aka zuba ma ruwa. Tunda ka iya haƙa, koma ka nemo min ita."

Hakimi ya ce maganar Gwaggo umarni ce.

Kwana goma sha ɗaya Zakin Rumfar Gero ya yi a Dundaye, shi da dagi, don Illo ya tuna yana da aiki a Wamakko. Rana ta sha biyu ya same ta. Ya naɗe ta cikin zane, ya ɗora a kafaɗa, ya shigo birni ta hanyar bayan gari. Duk da haka ya yi karo da mahaucin nan, wanda ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi abin da aka ɗauko haka da nauyi.

Sodangi ya tsaya, ya gyara kafaɗa, ya dubi nesa.

"Gangar yaƙi ta," in ji shi.