Ranar da Na'ura Ta Mai da Ni Hajiya Lantana

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ƙaddamar da na'urar dangwala yatsa ta shaidar zuwa aiki a ofishinmu na Kusada ba. Ni aka tura kwas a kanta, don haka na dawo ina jin kaina. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai ya sha bayani: yadda take ɗaukar hoton yatsa, ta share dattin hoton, ta fito da zanen, ta kwatanta da wanda aka adana. Kuma ita ba ta kuskure, in ji ni. (Har direban da ke ɗauko ni daga Kankia kullum bai tsira ba.)

Rajistar ma'aikata ce ta fara cinye ni. Wannan yatsansa ya goge da ɓarar gyaɗa a Kunduru, wancan nasa ya tsage. Aka zo kan Hajiya Lantana, babbar ma'aikaciyarmu mai shirin ritaya, ta sha lalle saboda bikin jikarta. Na'ura ta ƙi ta sam. Na gaji, ga yunwa, sai na ɗora nawa yatsan ina nuna mata yadda ake dannawa. Na ji ƙara "ƙit", na ce ta wuce, shi ke nan.

Ranar ƙaddamarwa Darakta ya zo da baƙi daga Katsina. Ya yi jawabi mai zafi kan masu dangwala wa wasu, ya ce duk wanda aka kama sunansa korarre. Sannan ya ce in fara gwadawa a gani.

Na gyara hula, na dangwala. Allo ya kawo haske, sai ga hoton Hajiya Lantana da mayafinta, sunanta ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Na goge yatsa a riga, na sake. Hajiya Lantana. (Allah Ya sani har lasarsa na yi.)

Darakta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, na'urar ce ta yi kuskure, ko kai ne ka fara sana'ar?"

Kowace amsa na bayar ta ci ni. Ina tsaye ina zufa, sai Hajiya ta taso daga baya ta faɗi yadda aka yi. Ta ƙare da cewa, "Ranka ya daɗe, a yi mashi haƙuri, yaron nan tun safe bai ci komai ba rannan."

Baƙi suka yi dariya har da share hawaye. Ban rasa aikina ba, sunana ne ya tafi. Har yau in na shigo ofis sai in ji an ce Hajiya ta iso, kuma na gaji da musu, amsawa nake.

Yanzu in zan koya wa mutum wani abu, hannuna na cikin aljihu.