Wake a Hanci

Wani ne matarsa za ta kasuwa, ta bar masa ɗansu ɗan shekara uku da farantin waken da take tsincewa.

"Maigida, don Allah ka sa ido. Ko ƙwarzane na tarar a jikinsa, ni da kai ne."

"Haba, yaro ɗaya? Je ki abinki."

Ko kwanar layi ba ta sha ba gogan naka ya miƙe a kujera. Can sai ga yaro yana taɓa shi.

"Baba, wake ya shige hancina."

Ya leƙa, ga wake can ciki ya yi zamansa. Amma shi mutum ne mai gardamar tsiya, ko da idonsa ya gani sai ya musa.

"Kai, ƙarya ne! Ta ina wake zai bi?"

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a nasa hancin, ya ja numfashi. Zuruf! Wake ya wuce.

Ido ya raina fata. Ya saɓi yaro, ya ɗebi wake a hannu don shaida, sai shagon maƙwabcinsa tela, uban 'ya'ya tara, wanda ba irin ɓarnar yara da bai gani ba. Tela ya ga gogan yana laluben ashana zai zaƙulo waken yaron.

"Kul! Tura shi za ka ƙara yi. Wai garin yaya ma?"

"Wallahi ba wuya, maƙwabci. Ka ga, haka kawai na yi."

Zuruf! Ɗaya hancin nasa ma ya toshe.

Tela ya yi salati, ya ce, "Mu fara da mai hankalin. Danne masa hancin da ba komai, ka haɗa bakinka da nasa, ka hura da ƙarfi sau ɗaya."

Ya hura. Fit! Wake ya yi tsalle ya faɗa kan keken ɗinki. Yaro ya ƙyalƙyale da dariya.

Sai ga muryar matar daga bakin titi tana ciniki da mai a-daidaita. Gogan ya zube a gaban tela, ya wangale baki, yana magana kamar agwagwa.

"Yi sauri, maƙwabci, rufa mini asiri! Hura mini!"

Tela ya ja da baya, ya goge bakinsa.

"A'a, malam. Maƙwabtaka ce tsakaninmu, ba aure ba."