Amshin da Na Yi wa Lawandi a Rogo

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na riƙe makirfo a bikin ɗan abokina a Rogo ba.

Duk wanda ya yi samartaka a Karaye a zamaninmu ya san Lawandi da Tasi'u. Su biyu suke waƙa, Lawandi ya ja baiti, Tasi'u ya amsa. Kaset ɗinsu mai waƙar "Zan Dawo" sai da na saurare shi har zaren ya tsinke, na liƙe shi da jan farcen ƙanwata. Da Allah ya yi wa Tasi'u rasuwa, Lawandi ya yi shekaru shiru. Da ya dawo kuma, shi kaɗai ya dawo. Shi ke rubuta waƙarsa, shi ke kaɗa ɗan fiyanonsa, ba 'yan amshi. Ni dai ban taɓa zama na saurari ko guda daga cikin sababbin waƙoƙin ba. Daga nesa na yanke hukunci cewa gishirin ya bi Tasi'u.

Ranar bikin, bayan la'asar, ga Lawandi zaune a ƙarƙashin rumfa, gemu ya yi fari fat. Ya soma wata sabuwar waƙa a kan wani tsoho da 'ya'yansa suka tafi birni suka bar shi da gonar gyaɗa. Wuri ya yi tsit. Sai ni, malamin firamare mai shekara hamsin da ɗoriya, na miƙe daga can baya.

"Alhaji, a bar mana wa'azin nan! A yi mana 'Zan Dawo'!"

Bai yi fushi ba. Ya kai ƙarshen baitinsa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Bawan Allah, waƙar nan ta mutum biyu ce, na biyun kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Tun da ya tafi ban sake yin ta ba. Ko za ka tsaya a gurbinsa?"

Da mai hankali ne, da ya yi addu'a ya zauna. Ni kuwa cewa na yi, "Ai ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta!"

Na fita ina gyara babbar riga. Da kiɗan ya tashi, wallahi sai na ji kamar an zare mini shekara talatin, ina kan kekena, rediyo rataye a wuya. Lawandi ya ja, "Masoyiya kar ki gaji da jira." Na lumshe ido, na dafa ƙirji, na saki murya iya ƙarfina:

"Zan dawo in Amina ta sauka!"

Kiɗa ya tsaya cak.

"Malam," in ji shi, makirfo na bakinsa, "wace ce Amina? Daga ina kuma za ta sauka, daga mota?"

Na ce ai haka waƙar take.

"Damina ce, malam. In damina ta sauka. Waƙar ɗan ci-rani ce."

Dariyar da aka yi, ina jin har a Kafin Dafga an jiyo ta. Ban gama nutsewa a ƙasa ba sai ga muryar matata Binta daga ɓangaren mata: "Alhaji, matsa masa ya faɗa! Ni ma shekara ashirin ina jin sunan nan duk lokacin da yake wanka!"

(To, gaskiya ɗaya ce. An yi wata Amina a Unguwar Hajji. Da kaset ɗin nan nake zuwa zance wurinta, kafin iyayenta su yi ƙaura, labari ya ƙare ba sallama. Kunnena ne ya ji abin da zuciyata ke so, ban kuma taɓa tuhumar sa ba.)

Da taro ya watse na je ba shi haƙuri, kaina a ƙasa. Ya riƙe hannuna yana murmushi, amma idonsa ya kawo ruwa.

"Kar ka damu, malam. Kowa da wanda yake jira a cikin waƙar nan. Ni da na ja baitin ɗazu, sai da na waiga dama, na ɗauka zan gan shi." Ya saki hannuna. "Shi ya sa nake rubuta sababbi. In na tsaya a tsofaffin, kuka zan yi ta yi a gidajen biki."

A hanyar komawa Karaye na roƙi direba ya sa mana sababbin waƙoƙin Lawandi. Muryar ta dushe, ba ta kai inda take kaiwa da, amma kalmomin sun fi na da nauyi. Binta na gefena, in ta dube ni sai ta toshe baki da mayafi.

Tun daga ranar, in na ji bakina na ƙaiƙayi a taro, sai in cusa masa goro. Mutum na iya yin kuskurensa a banɗaki shekara talatin lafiya lau, amma kar ya kuskura ya kai shi gaban lasifika.