Takardar da Na Rubuta wa Di'o

Ko da zan manta da ranar aurena (matata ta ce na riga na manta), ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kusa sa a ɗaure wani tsoho ba, duk saboda ina kwaɗayin lambar yabo daga Turai.

Shekaru kaɗan ne bayan yaƙin basasa. Na fito daga kwalejin horon malamai, aka tura ni wata firamare a hanyar Godogodo, wadda take tsakanin ƙauyuka biyu. Ba zan faɗi sunayensu ba, don jikokinsu har yau suna da baki. Mu ce Tudu da Gangare. Asalina ɗan yankin ne, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan na tashi, inda babana yake aikin jirgi. Yaren kakannina ban iya ba sai gaisuwa da sunayen abinci. Turanci kuwa, gani nake ko Sarauniya sai ta nemi ƙamus in na fara. Na sauka a Tudu, gidan wata gwauruwa mai suna Mama Saratu, da akwatina, da kwat guda ɗaya, da rediyo mai batir.

A wannan rediyon na ji labarin wata lamba da ake bayarwa a Turai ga wanda ya yi ƙoƙarin haɗa kan ƙasashe maƙwabta bayan sun daɗe suna zubar da jinin juna. Labarin ya shige ni ƙwarai, kuma rabin dalilin na gaskiya ne. Ina saurayi na ga maƙwabtanmu na kwatas sun bar tukunya a kan murhu sun gudu, wasunsu ba su kai tasha ba, kuma abin bai taɓa barin zuciyata ba. Ɗaya rabin kuwa son a sani ne tsagwaronsa. Nakan tsaya gaban madubin aski ina karɓar lamba da hannu biyu, ina gode wa jama'a. Abin da ya rage mini kawai shi ne in samu ƙasashe biyu masu faɗa.

Ba a yi wata biyu ba na same su. Wani tsoho ya rasu a Tudu, tsoho na gaske da ya ga tattaɓa-kunnensa. Na sa kwat na tafi wurin biso. Fasto yana rufe addu'a ke nan sai ga mutanen Gangare sun hauro da sanduna, fuskokinsu duk toka. Wanda ke gabansu wani gajeren tsoho ne, Baba Audu. Ya wuce gawa, ya dira cikin kabari, ya miƙe ƙafa ya kwanta, ya ce wannan rami ya fi ƙarfin ɓarawon awaki, shi zai zauna a ciki. Samarinsa suka kwance akuya daga turke a gaban masu makoki. Mai unguwar Tudu, Baba Dogo, ya ɗaga sanda yana kiran su bayin kakansa, masu cin ƙadangare ba gishiri. Da yake yarensu ba ɗaya ba ne, da Hausa ake zagin, don haka ba abin da ya wuce ni. Ban tsaya ganin ƙarshe ba, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Da Mama Saratu ta dawo ta same ni ina kai da komowa a tsakar gida, ina cewa jini ya kusa zuba.

"Ticha, ka zauna ka ci tuwo," in ji ta. "Haka suna yi tun ba a haife ni ba. Bari in gaya maka yadda abin yake."

"Mama," na ce, "wannan magana ta fi ƙarfin mata."

(Na rubuta wannan jimla yanzu, kuma sai da na ajiye biro na ɗan leƙa waje.) Ta dube ni, ta ɗauke kwanon tuwonta, ta shige ɗaki. Ni kuwa abin da na tsinta a maganarta shi ne tsohuwar gaba ce, irin wadda ake ba mutum lamba in ya kashe ta.

Washegari na rubuta wa Di'o, jami'in mulkin yankin, takarda, shafi huɗu, da Turancin da ni kaina sai da na duba wasu kalmominsa. Na ce an keta alfarmar gawa, an ƙwace dukiya, yaƙi yana bakin ƙofa. Na sa sunan Baba Audu a matsayin madugun fitina, har na ja layi a ƙarƙashinsa. Na gayyaci Di'o taron sulhu da ni, bawansa mai biyayya, zan jagoranta. Dattawa kuwa na ce musu kawai akwai mitin a makaranta ranar Juma'a da hantsi.

Ranar na jera benci a gindin mangwaro, na Tudu gabas, na Gangare yamma, na bar fili a tsakiya don kada a kai wa juna hannu. Baba Dogo da Baba Audu suka iso tare, suna shaƙar taba gari daga batta ɗaya, suka zauna a benci guda. Mai hankali da nan ya farga. Ni na ce a raina, ka ga munafuncin manyan shugabanni.

Sai ga motar Di'o, da shi da 'yan sanda biyu. 'Yan sandan ba sa cikin shirina. Di'o bai jira jawabin da na haddace ba. Ya fito da takardata ya karanta, yana juya ta da Hausa layi bayan layi, kuma wallahi a Hausa ta fi muni. Ya ce gwamnati ba za ta yi wasa da irin wannan ba bayan abin da ƙasa ta gani. Ya ce Audu ya tashi, zai bi su Kafanchan. Ɗan sanda ya kama tsohon a wuyan hannu.

Baba Audu ya cire hula. "Ranka ya daɗe, wane ne ya kai ni? Iyalin mamaci?"

Babban ɗan mamacin ya miƙe. "Mu? Ai mu ne mun aika a kira shi."

A lokacin na ji an ja bakin kwat ɗina ta baya. Mama Saratu ce, kuma wannan karon na saurare ta. Ta ce tun kaka da kakanni ɗan Tudu ba ya haƙa kabarin ɗan Tudu, mutanen Gangare ne suke haƙawa, su ma na Tudu suke haƙa musu. In babban tsoho ya mutu, zagin nan da kwanciya a rami girmamawa ce, don a sa masu kuka su yi dariya. Akuyar tare aka ci ta. Tsohon da aka binne ba a zage shi ba, iyalinsa ba sa iya ɗaga kai a kasuwa. "Da ka tsaya," in ji ta, "da ka ga Audu ne ya sa gawa a ƙasa da hannun shi, yana kuka."

Na san wasan taubasai, na san na Fulani da Barebari, amma ban taɓa zaton wasa yana shiga kabari ba. In na yi shiru, tsoho mai kusan shekara saba'in zai kwana a sel a kan ƙaryata. In na yi magana, aikin da babana ya yi shekaru yana shan hayaƙin jirgi don in samu ya tafi. Zan so in ce nan take na miƙe. Gaskiyar ita ce sai da aka kai Baba Audu bakin mota.

"Ranka ya daɗe," na ce, kuma Turancin nan duka ya gudu ya bar ni da Hausar kwatas, "ba faɗa ba ne. Ni ne ban gane ba. Ban ma tsaya aka gama bison ba, gudu na yi."

Sai wata mata ta ƙyalƙyale, dariya ta kama gabas da yamma, har ɗan sanda ɗaya ya juya baya kafaɗarsa tana rawa. Di'o kaɗai bai yi ba. Ya ce malamin da ke tayar da hankalin hukuma da rahoton ƙarya bai dace ya riƙe alli ba, kuma yau ɗin nan zai rubuta wa ofishin ilimi.

Wanda ya durƙusa ya roƙa mini shi ne mutumin da na ja wa suna layi.

"Ranka ya daɗe, ka bar mana ticha," in ji Baba Audu. "Yaro ya tashi a jirgi, ya ga abin da ya gani, tsoro ya kama shi. Laifin mu ne, mun ba shi ɗaki ba mu ba shi labari ba."

Baba Dogo ya ɗora: "Kuma ya yi aiki, ranka ya daɗe. Tun da nake ban taɓa ganin mutumin Gangare ya yi wanka ranar Juma'a ba sai yau."

A nan Di'o ya kasa riƙe dariya. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce in ajiye ta inda zan riƙa ganinta. Bayan motar ta tafi na je na durƙusa gaban Baba Audu ina hawaye. Ya dafa kaina ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce wa jama'a su ji, tulun Tudu ne sak, babba ba ruwa a ciki. Na ji daɗin wannan zagi fiye da duk yabon da aka taɓa yi mini, kuma har gobe ina gode wa tsohon nan a cikin addu'ata.

Shekara tara na yi a makarantar. Na koyi cewa wasu maƙwabtan ba sa bukatar mai haɗa su, sai dai mai zama ya ci tuwo ya bari tsohuwa ta gama maganarta. Baba Audu kuwa ya yafe mini da zuciya ɗaya, bai sake tayar da zancen takardar ba, in ban da duk ranar da muka haɗu.